Inusa Titer, Mai Riƙon 'Ya'ya Talatin da Bakwai

Duk wanda ya zauna Madarunfa a shekarun casa'in ya san Inusa Ɗan Baba, mai gadin kolej, amma da wuya ka sami wanda zai rantse ya taɓa ganinsa a zaune. An ba shi kujerar ƙarfe a bakin ƙofa, kujerar nan ta shekara takwas akuyar matarsa ce ke hawanta. Shi yana can yana zagayen katanga, ya leƙa nan, ya taɓa kwaɗon can, ya dawo bakin ƙofa ya dubi hanya, ya sake wucewa. Ko tuwo a tsaye yake ci. Matarsa Balaraba ta yi faɗa har bakinta ya gaji, ta koma lallashi: "Malam, ƙasar nan ba ta cizo, zauna mana." Sai ya ce to, ya ɗan ɗosana, kafin ta juya ta ɗauko ruwa ya miƙe.

Mutane na cewa halittarsa ce. Ina! Koya ya yi, kuma da wuya ya koya.

A wani ƙauye kusa da Safo aka haife shi. Yana da shekara huɗu uwarsa ta rasu, uban ya tafi ci-rani kudu, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Sai aka ba da yaron riƙo. Riƙo dai kowa ya san yadda ake yinsa: a kama hannun yaro a sa cikin hannun babba, a ce ga amana, shi ke nan ya zama ɗan gida. Na Inusa ne ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Gwaggo ta riƙe shi damina biyu, ta yi aure ta miƙa wa kawu. Kawu ya miƙa wa abokin fataucinsa, shi kuma ya miƙa gaba. Kafin ya cika goma sha biyu ya kwana a gida bakwai, kuma a duk bakwan nan ba a taɓa wayar gari wani ya yi sallama ya ce ya zo ganin yadda ake riƙe da yaron ba. A nan ya gano wani abu. Yaron da ya zauna shi ake gani, a tuna akwai ƙarin baki a kan tuwo. Wanda yake tsaye yana kai-da-kawo kuwa, sai a ɗauka aikensa aka yi.

Gida na biyar a garin Ɗan Issa yake, wurin wani mai tufkar igiya. Wata ranar kasuwa, Inusa na da shekara tara, ya yi tuntuɓe da ƙwaryar man gyaɗa ta wata mata, mai ya malale a ƙasa. Matar ta cafke kunnensa, mutane suka yi zobe, ana ta "Ɗan wa ne? Ɗan wa ne?" Mai igiya na zaune bai fi taku biyar daga wurin ba. Aka nuna shi. Ya ɗago kai, ya dubi yaron, ya ce, "Ba nawa ba ne, riƙo ne." Ya sunkuya ya ci gaba da tufkarsa. Dukan da Inusa ya sha ran nan ya manta shi tuni. Maganar ce ta zauna masa a ƙirji har ya yi furfura.

Da ya girma ya bi kamyo, wato manyan motocin kaya, tsakanin Maraɗi da Katsina, ya yi kamun kifi a tafki, ya yi dakon gyaɗa, kowanne ya fara kafin shekara ta zagayo ƙafarsa ta yi ƙaiƙayi. A 1988 ya sami gadin kolej, aka ba shi ɗaki biyu a bayan katanga, shi da Balaraba, Allah bai ba su haihuwa ba. Wannan aiki ne kaɗai ya riƙe shi, don shi ne na farko da ake son mutum ya yi ta yawo a wuri ɗaya.

To, kolej ɗin babu ɗakin kwana. Yaran ƙauye da suka ci jarrabawar firamare, ubanninsu ke kawo su lokacin rantire, wato buɗe lakwal, makarantar boko ke nan, bayan kaka ta kama. A biro, wato ofishin kolej, akwai sirbeyan, malamin da ke riƙe da littafin sunaye, kuma a gaban sunan kowane yaro akwai layi guda da dole a cike. Da Faransanci ake kiransa titer, ma'ana mutumin gari da zai riƙe yaro, ya ba shi makwanci da abinci. In babu titer, ba a rubuta yaro.

A rantire na 1991 wani manomi ya zo daga bayan garin Sarkin Yamma a kan amalanke, da ɗiyarsa Ruƙayya, 'yar siririya mai manyan idanu. Mutumin nan ba shi da ko kare a Madarunfa. Sirbeyan ya ce ya je ya nemo titer. Ya fito ya tsaya bakin ƙofa tun hantsi har azahar yana juya hularsa a hannu, yarinya na laɓe a bayan rigarsa. Duk zagayen da Inusa ya yi sai ya same su yadda ya bar su. Shi kuwa babu abin da ke tayar masa da hankali kamar ganin yaro a tsaye ana tunanin inda za a kai shi. A zagaye na ban san nawa ba ya tsaya cak, ya ce, "Malam, koma ka ce a rubuta Inusa mai gadi."

Mutumin ya shiga ya fito fuska a sake. Ya kama hannun Ruƙayya ya sa cikin na Inusa, ya ce, "Ga amana, Malam Titer." Allah sarki, sau bakwai aka yi wa Inusa haka yana ƙasa, yau ga shi shi ne a sama. Ya ja yarinyar ya kai wa Balaraba, ita kuma ta karɓe ta hannu bibbiyu.

Da abin ya tsaya nan da lafiya lau. Amma uban Ruƙayya ya koma gida ya zauna majalisa ya ba da labari yadda ya fahimta. Ya ce hukuma ta sauƙaƙa wa talaka, a kolej akwai darakta, akwai sirbeyan, akwai kuma Titer, shi ne yake tsaye bakin ƙofa yana karɓar 'ya'yan mutane. Ka ji fa! Kalmar da take nufin mai masauki ta koma sarauta. Labari ya bi kasuwanni, ya shiga Safo, ya shiga ƙauyukan bakin iyaka. Da rantire ta sake zagayowa sai ga ubanni bakwai a bakin ƙofa, kowa da ɗansa da damin geronsa.

"Salamu alaikum. Kai ne Titer?"

Inusa ya buɗe baki zai yi bayani. Sai ya hangi yaron da ke laɓe bayan rigar uban, ya ji abin da bayanin nasa zai zama a kunnen yaron. Ya rufe baki ya miƙa hannu.

Haka aka yi ta yi shekara bayan shekara. 'Yan mata uku ne suka zo ta hannunsa, dukansu suna ɗakin Balaraba, nan kam ba a wasa. Maza kuwa ina za a sa su? Sukan yi kwana biyu uku a tsakar gidansa, su ga wurin bai isa ba, kunya ta kama su, su sulale su nemi inda za su raɓa. Geron da ubanni suka kawo Balaraba ke dafawa a babbar tukunya da rana, kowa ya zo ya sa hannu, har ranar da geron ya ƙare. A littafin biro kuwa komai tsaf. An canza sirbeyan sau uku, kowanne da irin rubutunsa: nan Inusa Ɗan Baba, can Yunusa Baba, wani shafin Inusa Gadi, wani ma Malam Titer aka rubuta baro-baro. Ba wanda ya lura mutum ɗaya ne. Zuwa 1995 sun kai talatin da bakwai. Biro hankali kwance, ƙauye hankali kwance, Inusa kaɗai ke zagayen katanga, saurinsa na ƙaruwa.

Ba za a ɓoye laifinsa ba. Ya san sunan kowane yaro da sunan ubansa da ƙauyensa, amma bai taɓa tambayar ɗayansu inda yake kwana ba. Tsoro yake ji. In yaro ya faɗa masa, me zai ce da shi?

Wata biyu bayan rantire na shekarar, wani dattijo mai suna Audu ya sauka daga amalanke da damin gero a ka. Ya gaisa da fara'a, ya ce, "Malam Titer, a kira mini Sule in gan shi." Sule ɗan ajin farko ne, shekararsa goma sha biyu. Inusa ya tafi aji da saurinsa. Mushe, wato malamin ajin, ya duba kaye, littafinsa na kiran suna, ya ce yaron ya yi sati uku bai zo ba, sun ɗauka titer ɗinsa ya sani. Aka tambayi abokansa. Suka ce a rumfar otogar, wato tashar mota, yake kwana, yana wanke motoci a ba shi abinci, wata safiya wani direban kamyo ya tafi da shi wajen Ɗan Issa.

Malam Audu bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba, da ma ya yi. Ya buɗe tafin hannunsa na dama ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Da wannan na ba ka shi." Ya bar geron a bakin ƙofa ya hau amalankensa. Inusa ya je Ɗan Issa sau biyu a ƙafa, ya ƙetara iyaka har Jibiya, ya tambayi duk mai shayi da duk ɗan kamasho. Kowa ya ga yaro mai kama da haka, ba wanda ya san inda ya yi.

Lokacin Ruƙayya ta kai ajin ƙarshe, da ma tuni ta gama ba don shekarar da yajin karatu ya cinye ba. 'Yar siririyar nan ta zama sakatariyar ƙungiyar 'yan kolej, bakinta kamar aska, malamai ma sukan yi tunani kafin su taka ta. Maganar Sule ta hana ta sukuni. Ta ɗauki kaye da bik, wato littafi da alƙalami, ta bi aji-aji tana tambaya biyu: wa ne titer ɗinka, ina kake kwana. Ita da 'yan ƙungiya suka rubuta wa sufurufe, shugaban hukumar yankin, takarda da buƙata biyu: a gina ɗakin kwana, kuma a riƙa zuwa gidan kowane titer ana duba yaran. Amsa ta dawo gajera. An duba littafi, kowane yaro yana da titer, saboda haka babu yaro marar gida a Madarunfa. 'Yan kolej suka ce in haka ne ba za su shiga aji ba. Sai aka sa taro ranar Asabar, za a kira iyaye da masu unguwa, sufurufe zai aiko wakili.

Ruƙayya ta san maganarta ba za ta tsaya ba sai da bakin mutum ɗaya. Tun da Inusa ba ya zama, sai ta bi shi zagayen katanga da la'asar, tana haɗawa da ɗan gudu.

"Baba, ran Asabar za su tambaye ka. Kalma huɗu kawai za ka faɗa."

"Wace kalma?"

"Ka ce, ba nawa ba ne."

Inusa ya ƙara sauri. Suka wuce rijiya, suka wuce bayan ajin farko.

"Baba, ka ji ni?"

"Har ke?"

"Har ni, Baba. Ai a takarda ne kawai."

"Takarda ba ta da kunne, 'yar nan. Su suna da kunne, kuma suna zaune a wurin."

"To in ba ka faɗa ba fa? Za su rufe littafi su tafi, badi a kawo maka wasu goma. Sule nawa kake so a yi?"

Wannan ta soke shi har ya tsaya. Bai gaya mata labarin man gyaɗa ba, ko Balaraba bai taɓa gaya wa ba. Bai kuma gaya mata cewa darakta ya kira shi da safe ya ce masa, cikin tausayi dai, in ta tabbata ƙarya ce a littafi aikinsa na iya tafiya, yaran ma a iya soke sunayensu. Ya dubi yarinyar da ya kama hannunta shekara huɗu da suka wuce, ya ce, "To. Zan faɗa."

Kwana uku yana gwaji. Duk zagayen da ya kawo shi bakin ƙofa sai ya tsaya gaban akuyar da ke kan kujerarsa ya ce, "Ba nawa..." sai ya kasa ƙarasawa. Akuya na tuƙa tana kallonsa. Balaraba ta leƙo ta gani, ta koma ciki tana cewa abin Malam ya fara taɓa kai.

Ran Asabar da hantsi aka taru ƙarƙashin manyan bishiyoyin bedin tsakar kolej. Dattawa a kan benci, mata a gefe kan tabarmi, wakilin sufurufe da darakta da sirbeyan a bayan tebur, babban littafi a gabansu. Yaran Inusa talatin da shida aka zaunar a ƙasa a tsakiya, na talatin da bakwan babu shi. Ruƙayya ta miƙe ta zuba Faransanci shafi biyu ba tuntuɓe, dattawan da ba su ji ko kalma ɗaya ba suna ta gyaɗa kai. Sannan ta juya da Hausa ta ce sunaye huɗun da ke cikin littafi duk mutum ɗaya ne, ga shi can a tsaye, ɗakinsa biyu.

Wakili mutum ne mai natsuwa, ba mugu ba, yana dai son ya koma kafin rana ta yi zafi. Ya ce, "Madamazal, ba a hana mutum ɗaya riƙe yara da yawa ba. In ya ce nasa ne, nasa ne. In ya ce ba nasa ba ne, sai mu san abin yi." Ya juya. "Inusa Ɗan Baba, tambaya ɗaya ce. Yaran nan naka ne, ko ba naka ba ne?"

Inusa ya dubi jama'a, ya ga sun yi zobe, yara a tsakiya, shi kuma bai fi taku biyar daga wurinsu ba. Idanu saba'in da biyu na kansa. Ƙaramin cikinsu, Al'amin, ya saki baki yana jira. Inusa ya ji kunnensa na hagu ya yi zafi kamar yanzu aka cafke shi.

Ya ce, "Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Baba!" Ruƙayya ce, muryarta ta tsage. Wakili ya ce, "To, magana ta ƙare," ya mayar da murfin bik ɗinsa.

Amma ƙafar Inusa ta riga ta motsa. Ya ratsa cikin yaran yana magana da ƙarfi, shi da ba a saba jin muryarsa ba. "Nawa ne, hannu da hannu aka ba ni su. Amma wallahi ban san inda suke kwana ba. Shekara huɗu ina tsoron tambaya, har ɗaya ya ɓace ban sani ba. Yau zan tambaya a gabanku, in ya so a kore ni. Kai, Hamisu, tashi. Ina kake kwana?"

Yaron ya miƙe yana kallon ƙasa. "Rumfar mahauta, Baba. Ƙarƙashin teburin nama."

Sarkin fawa na zaune a bencin gaba. Ya janye ƙafafunsa cikin riga.

"Nura, kai fa?"

"Cikin tsohon jirgin da aka kife a bakin tafki. Mu uku ne."

"Shu'aibu?"

"Bayan masallacin otogar. In sanyi ya yi yawa mu shiga matacciyar motar nan."

Haka ya yi ta bi ɗaya bayan ɗaya, ba ya tsallake kowa. Duk wurin da yaro ya ambata, akwai mai shi a cikin taron: wannan shagonsa ne, wancan zaurensa ne da ya daina amfani da shi, wancan kullum asuba yana tsallake wani abu a dunƙule a ƙofar masallaci bai taɓa dubawa ba. Dattawa suka daina gyaɗa kai. Wakili ya sake cire murfin bik ɗin, amma bai rubuta komai ba.

"Al'amin, ina kake kwana?"

"Bayan murhun kifin Inna Ɗelu. Akwai ɗumi har asuba."

Ɗelu mai bandar kifi na cikin mata, jikanta ya kawo ta taron. Babbar mace ce mai babbar murya, in ta yi ciniki a bakin tafki ana ji a kasuwa. Ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! Kai ne kake jera mini itace kullum safiya? Ni ina can ina ta sadaka, na ɗauka mutanen ɓoye ne!" Aka fashe da dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba, don an ga matar tana share ido da bakin mayafi. Ta miƙe da ƙyar ta ce, "Wata biyu ɗan mutane na kwana a bayan katangata, ni kuwa ina da ɗaki kaji ke kwana ciki. Tir da ni. Ba ni shi."

Sirbeyan ya jawo littafi zai gyara suna. Inusa ya ɗaga masa hannu. "Dakata, Mushe. Da hannu aka ba ni, da hannu zan bayar." Ya kama hannun Al'amin ya ja shi har gaban Ɗelu, ya sa cikin nata, amma bai saki ba. "Ɗelu, ga amana, amma da sharaɗi. Zan riƙa zuwa, ba zan faɗa miki rana ba. Zan tambaye shi ko ya ci, zai nuna mini inda yake kwana. Kuma in ya yi ɓarna a waje, aka taru aka tambaye ki ɗan wa ne..."

Ɗelu ta ce, "Nawa ne mana, ɗan wa zan ce? Sakar mini hannun yaro, ka cika surutu."

Sarkin fawa ya miƙe a bayanta, sannan liman, sannan wani tela. Ran nan hannu goma sha tara Inusa ya bayar, kowanne da sharaɗinsa, ba ya rage ko kalma. Kada a ɗauka garin gaba ɗaya ya zama na waliyyai, wasu sun sulale tun kafin a zo kansu. Sauran yaran sai bayan azumi aka gama sama musu gidaje. Ɗakin kwana kuwa ba a gina ba. Inusa ya sami takardar gargaɗi da Faransanci, Balaraba ta ƙunshe daddawa da ita.

Ruƙayya ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Ta gaya wa 'yan ƙungiya cewa da ya faɗi kalma huɗun nan da dole hukuma ta yi gini, ya lalata musu aikin wata guda. Wataƙila gaskiyarta ne, Allah kaɗai ya sani. Buƙatarsu ta biyu dai ta shiga dokar kolej, cewa a riƙa duba yara a gidajen da ke riƙe da su, kuma da aka rasa wanda zai yi yawon, ai ba sai an nema ba. Rana ta uku ta kawo masa tuwonsa bakin ƙofa, ta kawo nata kwanon, ta tsaya kusa da shi ta ci a tsaye.

Daga nan zagayen Inusa ya fita daga katanga ya shiga gari. Da an sallame asuba sai ka gan shi unguwa-unguwa, yau gida huɗu, gobe biyar, ba ya bin tsari don kada a san ranarsa. Ba ya shiga ya zauna, ko an shimfiɗa masa tabarma. Zai kira yaro gefe ya ce, "Ka ci? Nuna mini inda kake kwana." Gida biyu ya karɓe yaransa ya canza musu wuri, ɗaya an mai da yaron makiyayin tumaki lokacin aji, ɗayan kuwa yaron bai faɗi komai ba, Inusa ya dai lura kullum a tsaye yake samunsa. Masu gidan sun yi ta zaginsa a majalisa, bai ko waiwaya ba.

Da rantire na 1996 ta zo, sirbeyan ya buɗe sabon littafi yana kwafe sunaye. Na Inusa ya ragu daga talatin da bakwai ya koma uku, don Ruƙayya ta ci jarrabawa ta wuce Maraɗi, shi da kansa ya kai ta ya sa hannunta a hannun wata ƙanwar Balaraba. Saura 'yan mata biyu, sai layi ɗaya. Sirbeyan ya kira shi ta taga.

"Malam Inusa, wannan Sule Audu ya shekara ba ya nan. Zan soke shi."

"A'a, Mushe."

"Ba ɗan lakwal ba ne yanzu. Titer na yaron da babu shi, ina amfaninsa?"

"Ubansa ya sa hannunsa a nawa. Ni kuwa ban sa shi a na kowa ba, ban mayar wa uban ba. Ka bar shi yadda yake."

Sirbeyan ya yi tsaki ya ce wannan ba tsarin aiki ba ne. Ya dai kwafe sunan da fensir a ƙasan shafi, kuma haka aka yi ta kwafe shi har shekarun casa'in suka ƙare.

Duk ranar kasuwar Ɗan Issa, Inusa kan roƙi wani ya tsare masa ƙofa, ya kama hanya tun da sanyin safiya. Mai igiya ya daɗe da mutuwa, inda rumfarsa take yanzu masu canji ne ke zaune, kamyo na tsayawa a gabansu. Nan Inusa ke kai-da-kawo har la'asar, yana leƙa bayan kowace mota, yana duban fuskar kowane yaron mota, yana lissafin yadda ɗan shekara goma sha biyu zai koma in ya kai sha huɗu, in ya kai sha shida. Tsofaffin direbobi sun san shi, su ɗaga masa hannu su girgiza kai. Sababbi ne ke tsayawa su saurari kwatance, baƙi ne, siriri, da tabo a goshi, sunansa Sule. In ya gama sai su tambaya.

"Baba, yaron nan da kake nema, ɗan wa ne?"

"Nawa ne," in ji Inusa, ya wuce mota ta gaba.